Shekarar da Tsibiri Ya Dafa Rakensa

Kabiru ne ya tono wannan magana, don haka da shi zan fara. Ya zo gaishe ni nan Batsari da ƙaramar salla, muna zaune tsakar gida, sai ya kama ba ƙannensa labarin abin da yake koya wa ɗalibai a Katsina. Wai akwai wata 'yar ƙaramar ƙasa can tsakiyar teku, ruwa gaba ruwa baya, wadda Turawa suka ba mulkin kai suka tattara nasu ya nasu suka tafi. Aka yi kaɗe-kaɗe, aka ɗaga tuta, aka ci aka sha. Da biki ya watse sai mutanen ƙasar suka duba suka ga ba su da abin sayarwa sai rake, ga shi injinan da ke mayar da raken sukari duk suna hannun waɗanda suka tafi. Yana ta zuba bayani yana wurga hannuwa kamar mai wa'azin kasuwa. Na yi dariya har na ƙware, sai da aka miƙo mini ruwa.

"Inna, mene ne abin dariya?" in ji shi.

Na ce, "Kai da ka tafi har teku nemo labari. Ai ina goye da kai aka yi shi a ƙofar gidanku."

Akwai kuma wani dalili da ya sa na zauna rubuta wannan. Na san abin da kuke ji a bakin 'ya'yan kawunku Iro duk sa'ad da aka haɗu wurin suna ko ta'aziyya, wai uwarku ta sace sana'ar gidan ubanta ta kai wa bare. Ba ku taɓa tambayata ba, kunya ta hana ku. To ga shi daga gare ni, da hannuna na 'yar ajin yaƙi da jahilci. Wanda rubutun ya gagare shi ya nemi Kabiru.

Ƙauyen babanku yana da wani suna a takardar hukuma, amma kowa Tsibiri yake ce masa. Tsakanin Batsari da Safana yake, inda korama ta rabu biyu ta zagaye fadama da ɗan tudu sannan ta sake haɗuwa. Da rani rairayi ne, ko tsohuwa sai ta taka ta wuce. Da damina kuwa, in ruwa ya sauko daga dajin Ruma, sai a yi wata da watanni ba mai shiga ba mai fita sai gwanin iyo. Kakannin mutanen wurin Maguzawa ne. Sun daɗe da musulunta, amma matansu ba su daina shiga gona da cin kasuwa ba, abin da mutanen garinmu suke yi musu dariya a kai. Garinmu kuwa shi ne na ƙetaren korama, wanda muke kira Babban Gari. Can mai gari yake, can ake kai haraji, can ake raba gardama. Fadamar Tsibiri ba abin da take so kamar rake, saboda haka kowa ya bar gero ya rungumi rake. In kaka ta yi a sare shi a loda wa jakuna da amalanke a ƙetara da shi, kafin ruwa ya sauka hatsi ya ƙetaro a zuba a rumbu. Haka aka taso aka tarar. Injin matse rake kuma guda ɗaya ne tak a duk yankin, na mahaifina, wanda Yaya Iro ya gada bayan rasuwarsa.

A bakin kaskon mazarƙwaila na girma. Ni ce mai kwashe kumfa, ni ce mai shafa wa ƙananan kwanoni man gyaɗa kafin a zuba. Baba bai taɓa zaunar da ni ya ce ga yadda ake yi ba, amma ido ba ya neman izini. Tun ban kai aure ba nakan gane ruwan rake ya nuna daga ƙarar tafasarsa. A gidanmu akwai al'ada: ranar da za a kai 'ya mace ɗakin miji, bayan an gama nasihar haƙuri da biyayya, sai uba ya ƙara da magana ɗaya. Ni ma an yi mini ita, ina lulluɓe ina kuka.

"Rabi, kin ga gado da tabarma da kwanoni, duk naki ne, tahi da su. Kasko ko na gidan ga ne. Abin da idonki ya gani a bakinshi, nan za ki bar shi."

Na ce to. Kuma na riƙe. Na haifi Kabiru a Tsibiri ina kallon rakenmu yana ƙetarawa yana dawowa a matsayin hatsin da bai kai rabin darajarsa ba, ban taɓa buɗe baki ba.

Sai shekarar da hakimi ya amince a ba Tsibiri nasa mai garin. An daɗe ana nema, an sha zirga-zirga. Aka naɗa Baba Nomau, wan mahaifin babanku, dattijo mai sanyin magana wanda bai taɓa sa rawani ba sai ranar, har sai da aka riƙa gyara masa shi yana zamewa. Kai, an yi murna! Na yi guɗa har muryata ta dishe. 'Yan mata suka yi ta waƙar cewa daga yau ba mai ƙetara ruwa ya je ya durƙusa wa wani. Daga Babban Gari ba wanda ya zo sai maroƙa, mu kuwa farin ciki ya rufe mana ido ba mu lura ba. Da ɗumin bikin samari suka kira gayyar saran rake. Yadda aka saba ke nan a Tsibiri, ba a saran rake gona-gona, gayya guda ake yi a kwantar da fadamar gaba ɗaya, a ci tuwo a yi kiɗa, sannan a shiga jigila. Ba wanda ya tsaya ya ce a fara aikawa a ji ko injin na jiranmu, don tun da aka halicci Tsibiri ba a taɓa tambaya ba. Rake kuma, ku da kuka tashi a birni ba ku sani ba, in aka sare shi ba ya jira. Kwana kaɗan ya fara bushewa, ruwansa ya yi tsami.

Amalanken farko da ta ƙetara, da kayanta ta dawo. Babanku ne ya raka ta. Ya shigo gida ya zauna bakin rumbu bai ko cire takalmi ba. Surukata Inna Kande, kakarku, ta tambaye shi abin da ya faru.

"Iro ya ce tunda mun samu rawani, mu matse raken da rawani."

Washegari na goya Kabiru na ƙetara da kaina. Na tarar da Yaya a rumfar injin, doki yana zagayawa, ana matse raken wasu ƙauyuka. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa lafiya lau, har ya karɓi Kabiru ya yi masa wasa. Kada ku ɗauka kawunku mugu ne. Shi ya goya ni ina yarinya, shi ya taɓa ɗauko ni daga cikin korama ruwa na shirin tafiya da ni. Amma mai garin Babban Gari ya tara masu hali an yi shawara, an ce in aka bar Tsibiri ya tsaya da ƙafarsa gobe wani ƙauyen ma zai ɓalle, kuma a bakin Yaya aka ɗora maganar.

Na ce, "Yaya, raken nan in ya bushe, da me za mu ci damina?"

"Ke ba ki rasa tuwo, Rabi. Ki ɗauko yaro ki taho gida, ɗakin Innarmu na nan."

"Sauran mutanen fa?"

"Nomau shi naɗe rawaninshi shi kawo wa mai gari gaban jama'a, shi ce an yi kuskure. Ran nan zan ɗaura doki in matse musu har na ƙarshe."

Na tashi na karɓi ɗana. Har na kai bakin rumfa ya kira sunana, na juyo.

"Kin dai tuna abin da Baba ya ce miki."

Na hau rairayin nan ina tafe ina huci, raina ya ɓaci iyakar ɓaci, don na gane ya riga ni sanin inda maganar za ta ƙare.

Aka taru gindin tsamiyar ƙofar Baba Nomau, maza a gaba mata a baya. Waɗanda suka fi kowa tsalle ranar naɗi su suka fara cewa a mayar da rawani, wai ba a cin sa. Inna Kande ta miƙe daga cikin mata, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa amma muryarta har bakin korama.

"Ku da kuka sha rawa har ƙura ta tashi, yanzu ne ƙafafunku suka mutu? In kuka mai da shi, jikokinku ma sai sun durƙusa. Ni dai ban mai da guɗata."

Nan babanku ya ce ya san wani tsohon inji a wani gida a Safana, mai shi ya rasu, 'ya'yan sun koma kasuwanci, yana nan yashe kaji na kwana a kai. Aka yi karo-karo. Maza suka kai awaki kasuwar Batsari, mata muka sauke kwanonin jerenmu, babanku ya rabu da kekensa da yake ji da shi kamar ɗa. Aka jawo injin a amalanke, maƙeri ya kwana biyu yana fama da tsatsa. Doki kuwa ba mu da shi, sai wani Ardo daga wajen Ruma ya ba mu aron bijimi, bisa sharaɗin in an kwashe amfani shanunsa su shiga fadama su yi kiwo. Kafin duk wannan ya kammala, wajen rabin raken ya riga ya zama itace. Amma ranar da bijimin nan ya fara zagayawa, ruwan rake ya zubo a garwa, har da masu hawaye.

Matsewa daban, dafawa daban. Mazan Tsibiri sun yi shekaru suna kai rake rumfar Baba, amma iyakarsu bakin ƙofa. Suka ɗora kasko suka hura wuta kamar masu gasa sa. Na farko ya ƙone ƙurmus, ɗaci kamar maɗaci. Na biyu suka ji tsoro suka sauke da wuri, ya ƙi daskarewa, aka wayi gari ƙudaje sun yi masa rumfa. Na uku ya yi baƙi da datti don ba wanda ya san ana kwashe kumfa. Ni kuwa ina leƙe ta ramin zana, ina ganin kowane kuskure tun kafin a yi shi. In na ga sun tura itace lokacin da ya kamata a janye, sai in ciji leɓe in koma ɗaki. Ga tarin rake kullum yana raguwa, wani a wuta wani a rana. Babanku, Allah Ya jiƙansa, ko sau ɗaya bai ce mini uffan ba. Ya san alkawarin, kuma ba mutum ne mai tura mace ta saɓa wa ubanta ba. Inna Kande ce kawai ta same ni ina tankaɗe, ta zauna kusa da ni ta ce:

"Ɗiyar nan, ba ni ce miki ki yi, ba ni ce miki ki bari. Uba uba ne, ko yana ƙasa. Amma na leƙa rumbunan gidan ga duka, abin da ke ciki bai kai mu shuka."

Na yi ta juya abin a raina kwana da kwanaki. In na tuna muryar Baba sai in ja da baya. In na dubi yaran gidan suna wasa a ƙasa sai in tambayi kaina, shin Baba da ya ce a bar sani a bakin kasko, ya ce a bar shi ne don a riƙe maƙogwaron gari guda da shi? A zamaninsa bai taɓa mayar da amalanken kowa ba. Na je wurin liman na tambaye shi a kaikaice, ya ba ni amsa a kaikaice, na dawo yadda na tafi.

Abin da ya yanke mini shawara da hantsi ya faru. Na fito zan je rijiya sai na hangi Baba Nomau ya nufi korama shi kaɗai, da hula a kansa, ya rungume wani ƙunshi a hammata. Gefen farin yadi ya leƙo, na gane rawanin ne. Bai gaya wa kowa ba, ya zaɓi ya je ya sha kunyar shi ɗaya. Yadda tsohon nan yake tafiya a sunkuye ya tsaya mini a rai har yau. Na ajiye tulu a hanya, na sha gabansa na durƙusa.

"Baba, ina zuwa?"

"Rabi, tashi. Ba a mulkin mutane da yunwa. Ni na karɓo shi, ni za ni mai da shi."

"Ka ba ni yau kaɗai. In rana ta faɗi ba ka ga mazarƙwaila ba, gobe ni zan riƙa maka shi har ƙofar mai gari."

Ya san gidan da na fito, ya san abin da nake shirin saryarwa.

"Kin san Iro ba shi yafe miki."

Na ce, "Na sani, Baba."

Na miƙa wa Inna Kande goyo, na ɗaure zane, na shiga rumfar kaskon da mace ba ta taɓa shiga ba. Maza suka dare. Na sa aka wanke kaskon nan tas da toka, aka tace ruwan rake da tsumma mai tsabta. Na aika aka tsinko ɗanyar kuɓewa daga lambu, na daka na jiƙa, na zuba yauƙin a ciki, datti ya taso sama na bi shi da ludayi ina kwashewa. Na ce a rage itace a riƙa haɗawa da busasshiyar tuƙar rake. Hannuna ya tuna aikinsa. Da tafasar ta sauya murya, ta koma wani fat-fat mai nauyi, na ɗiga kaɗan a ƙoƙon ruwan sanyi na murza da yatsa, ya dunƙule. Na ce a sauke. Na tuƙa da muciya har sheƙin ya dushe, aka zuba a kwanoni. Daga nan sai jira, gari guda a tsaye. Da na kife kwanon farko a faifai, curi ya faɗo daram, ja mai kyau, Inna Kande ta saki guɗa. Baba Nomau ya koma gida ya fito da rawaninsa a kai, a karkace kamar kullum.

Ga inda nake so ku buɗe kunne, don nan ne laifina ya fi girma a wurin dangina, nan ne kuma na fi tsayawa a kan bakana. Da na riƙe sanin a gidanmu, na ce duk mai so ya kawo rake Rabi ta dafa masa, da wataƙila Yaya ya huce, ya ce ai sana'ar tana hannun jini. Babanku ma da ya zama mai kuɗin Tsibiri. Ni kuwa na ga abin da kasko ɗaya a hannun gida ɗaya ya jawo mana, na ce ba da ni za a sake gina wani ba. A kasko na biyu na tsayar da maza da mata, ina yi ina faɗa da ƙarfi, ga lokacin kuɓewa, ga lokacin saukewa, kowa ya zo ya sa yatsa a ƙoƙo ya ji da kansa. Kafin raken ya ƙare, mutane da yawa sun iya. Na kuma tsaya gaban tsamiya na ce duk gidan da bai ware wa gero da rogo wuri a tudu ba a shekarar nan, to ya shirya cin mazarƙwaila da miya. Aka yi dariya, amma aka shuka. Damina ta zo mana da wuya duk da haka, mun ci tafasa da rama har sun gundure mu, yara sun rame, amma ba wanda ya yi iyo ya je roƙon hatsi.

Labari ya riga ya ƙetara tun ranar farko. Na aika wa Yaya da tuwon salla, aka dawo mini da kwanon ba a buɗe ba.

Ranar da muka fara kai kayanmu kasuwar Batsari, tun raken shekarar bai ƙare ba, ni na zauna a bakin faifan, kamar yadda matan Tsibiri ke yi. Mutane suka yi ta ɗauka, wasu don daɗi wasu don su ga abin da ake ta faɗa. Rana ta take sai na ga inuwa ta tsaya a kaina. Na ɗaga ido, Yaya Iro ne, da babbar riga, shi ma ya kawo nasa kayan. Na zame daga kujera na durƙusa na gaishe shi. Bai amsa ba. Ya sunkuya ya ɗauki curi ɗaya, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da farce, ya ɓantari gefe ya sa a baki. Ina jiran zagi a tsakiyar kasuwa, na ma shirya haɗiye shi. Ya tauna a hankali yana kallon wani wuri can bayana.

"Wutarki ta yi yawa a ƙarshe. Ki riƙa janye itace kahin ki sauke."

Ya ajiye curin a faifai, ya gyara rigarsa, ya shige cikin jama'a.

Maganar da ya yi mini ta ƙarshe ke nan a duniya. Ya yi shekaru masu yawa bayan haka, korama kawai ke tsakaninmu, da rani ina hango rumfarsa daga bakin rijiya. Na aika manya, na je da kaina, in na shiga ta zaure ya fita ta baya. Da ya rasu na je na zauna cikin mata, aka ba ni tabarmar baƙi. Ya yi mini ciwo, har gobe yana yi mini, ba zan ɓoye muku ba. Amma da za a mayar da ni hanyar rijiyar nan in sake hango tsohon nan da ƙunshi a hammata, tulun zan sake ajiyewa.

Da muka koma gida daga kasuwa, kaskon da na fara ɗorawa na janye itacen kafin in sauke, na ɗanɗana. Gaskiyarsa ce. Ɗan ɗacin da ban taɓa lura da shi ba ya tafi, na tsaya a bakin kaskon da muciya a hannu ina kuka, mutane suna tsammani hayaƙi ne.